Alƙali a Gida, Lauya a Masana'anta: Tambayar Farfesa Yadudu a Ƙofar Bompai

Ma'aikacin da yake tsaye a kan inji a wata masana'antar robobi a Bompai, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, doka fiye da ɗaya ce take hawa kansa a yini guda, ko ya sani ko bai sani ba. In rigimar ciyarwa ta haɗa shi da mai ɗakinsa, gaban alƙali za su je, a buɗe musu littattafan fiƙihu, Risala da Muhtasar da Tuhfa. In ƙannensa suka taso da maganar gidan da mahaifinsu ya bari a Gama ko Tudun Wada, nan ma alƙali ne zai raba, kowa ya ɗauki abin da Allah ya yanka masa. Amma da zarar ya gaisa da maigadi ya wuce get, ya shiga wata ƙasar. Inji ya cinye masa yatsa, ko a sallame shi babu haƙƙi, ko a riƙe masa albashin wata uku, alƙali ba shi da ta cewa. Gyaran kundin tsarin mulki na 2010, wanda ya fara aiki a 2011, ya keɓe rigimar aiki da ma'aikata ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Masu kamfanin in suka saɓa a kan hannun jari, Babbar Kotun Tarayya za su nufa. Filin da masana'antar take kai kuwa amana ce a hannun gwamna, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, takardar shaidar zama kawai mai kamfanin yake riƙe da ita.

Wa ya raba rayuwar mutum ɗaya haka, ya bar wa alƙali aure da gado, ya miƙa wa lauya mai baƙar riga da farar hular gashi sana'a da dukiya da ƙasa? Yaushe aka yi rabon? A Kano, wanda ya fi kowa suna wajen bin diddigin wannan tambaya shi ne Farfesa Auwalu Hamisu Yadudu na Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero.

Yadudu ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya wuce Jami'ar Harvard ta Amurka ya yi digiri na biyu da na uku a fannin shari'a. Da yawa daga masu irin wannan takarda ba sa dawowa, in ma sun dawo to Legas suke tarewa, inda kuɗin lauyanci yake. Shi aji ya koma, a Kano. Kuma garin da ya koma ba baƙon koyar da shari'a ba ne. Tun a ƙarni na 15 Shehu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa jagoran mulki. A Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsaya ya rubuta Liya'ul Hukkami, da mutanen garin suka roƙe shi abin da za su riƙa hukunci da shi. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai ta lardunan Arewa a birnin, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, inda su Shehu Abubakar Gumi suka yi karatu. A harabar wannan makaranta ce kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero ta fara tsiro a 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Shi ya sa digirin lauya na Bayero ya fito da fuska biyu tun farko: ɗalibi ya karanta dokar da aka gada daga Ingila, ya karanta fiƙihun Malikiyya, shekara biyar, sannan ya tafi makarantar horar da lauyoyi, wadda ɗaya daga cikin rassanta yake Bagauda.

Yadda aka rage wa alƙali hurumi

Rubutun da ya fi fito da sunan Yadudu a tsakanin masana shi ne wanda ya yi a kan yadda mulkin mallaka ya sauya shari'ar Musulunci a jihohin Arewa. Ya fito a mujallar Journal of Law and Religion a 1991, wani kuma mai kusan wannan take ya fito a Journal of Legal Pluralism a 1992. Abin da aka saba ji kafin nan shi ne Turawa ba su taɓa shari'a ba, sun bar sarakuna da alƙalansu, haddi kawai suka hana. Har wasu masanan Ingila suna cewa, in aka cire yankin Larabawa, babu inda ake aiki da shari'a sosai kamar Arewacin Nijeriya. Matsayar Yadudu ita ce barin da aka yi na ido ne. An bar alƙali a kan buzunsa, amma an sauya wanda yake ba shi iko, an sauya wanda yake duba hukuncinsa, an kuma sauya iyakar abin da zai saurara.

Tarihin ya goyi bayansa. Bayan Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, kotun alƙali ta koma aiki da takardar izinin Razdan. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 suka jera shari'a a sahu ɗaya da al'adun ƙabilu, suka kuma gindaya mata sharaɗi: kada ta ci karo da abin da Bature yake gani adalci ne da sanin ya kamata. Di'o yana da ikon buɗe littafin kotu, ya rage hukunci, ko ya ɗauke shari'ar ya kai wani wuri. A 1910 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Duk da haka abubuwa ba su kuɓuce a rana ɗaya ba. Bayanan majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda masanin tarihi Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, suna nuna sarki yana yanke hukunci a kan gonaki da gidaje da dukiya da jini.

Babbar girgiza ta zo a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa fiƙihun Malikiyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta ce a'a, tunda a dokar laifuka ta Turawa tsokana tana sassauta laifin kisa, hukuncin ba zai tsaya ba. Sarakuna da alƙalai suka ji abin har ƙashi. Aka yi ta kwan-gaba-kwan-baya har 1958, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, da Farfesa J.N.D. Anderson na Landan a ciki. Daga shawararsu aka samu kundin dokar laifuka na Final Kod, wanda aka ɗora a kan samfurin Sudan da Indiya, ya fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a aka tsare ta a kan aure da gado da makamantansu. Sojoji suka ƙarasa aikin a 1967 da 1968, suka rufe kotunan sarakuna, suka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e.

Abin lura a nan, kuma shi ne ya sa na fara da Bompai, shi ne a daidai shekarun da ake wannan yankan ne masana'antu suke tashi a Kano. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi, Kwarori da Turawa da attajiran gida suka kafa injinan matsar mai, Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da arzikin man fetur ya zo. Babu wanda ya zauna ya ce a hana fiƙihu shiga masana'anta. Ita masana'antar ce ta zo da dokarta a cikin akwati ɗaya da injinta: dokar kamfani, dokar inshora, dokar banki, dokar ƙwadago. Babin ijara da ƙiradi da shirka suna nan a Muhtasar, ana karanta su a zaure har gobe, 'yan Kurmi da Kantin Kwari suna ƙulla ciniki da su, kotunan shari'a na ƙasa suna sauraron bashi da ciniki tsakanin Musulmi. Amma sashe na 277 na kundin 1999 ya tsaida Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. A shari'ar Magaji da Matari a 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rigimar fili zalla ba hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ce. Ke nan ko da alƙali ya fara, ƙarshenta a gaban babbar kotu za a kwana.

Akwai inda kotu ta zo ta tarar da Yadudu a inda yake tsaye. A 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, wadda ta taso daga Sakkwato a kan haƙƙin shufu'a, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, Bakano, ya bayyana a Kotun Ƙoli cewa shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce, tsari ne rubutacce mai zaman kansa. Kusan shekara ɗari ke nan bayan an jera su a sahu ɗaya.

Daga aji zuwa fadar gwamnati

Ba a iya ba da labarin Yadudu a tsallake shekarun Abacha, kuma bai kamata a tsallake ba. Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a 17 ga Nuwamban 1993, Yadudu ya zama mai ba shi shawara na musamman a kan harkokin shari'a, ya kuma ci gaba da riƙe muƙamin a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar bayan rasuwar Abacha a Yunin 1998. Lokaci ne da ake mulki da dokar soja, ana rubuta wa kotu a cikin dokar cewa ba ta da ikon tambaya. A 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas, bayan hukuncin wata kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, wadda akwai hafsan soja a cikinta, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo tawagar bincike a 1996, kuma wasiƙar da gwamnati ta mayar wa Babban Sakatare a watan Mayun shekarar daga ofishin Yadudu ta fito. A cikinta aka yi alkawarin cire sojoji daga irin waɗannan kotuna, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, a kuma sake duba dokar tsare mutane ba shari'a.

Masu ganin girmansa suna cewa ga amfanin masani a kusa da mai bindiga, ko ba komai ya ja birki. Masu suka suna cewa mutumin da ya rubuta yadda Bature ya ɗaure hannun alƙali bai dace ya zauna a gwamnatin da take ɗaure hannun kotu ba. Ni a ganina kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma nauyin na biyun ba ya tafiya don na farkon ya yi magana. Gyaran da wasiƙar ta yi alkawari ya zo ne bayan an riga an binne mutum tara. A wannan zamanin ne kuma aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a 1995, wani malamin tsangayar ta Bayero, Muhammad Tabi'u, ya zama sakataren zartarwarta. Tsangayar ta ba gwamnatin soja ƙwararru, ta kuma ɗauki tambayoyin da suka biyo baya.

Kundin 1999 ma ta ofishin Yadudu ya ratsa. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zaga ƙasa a ƙarshen 1998, ya dawo da cewa jama'a sun fi son a koma kundin 1979 da 'yan gyare-gyare, aka sa hannu a dokar soja mai lamba 24 a Mayun 1999. Lauyoyin Kudu irin su Cif Rotimi Williams sun daɗe suna cewa kundin ya yi wa kansa ƙarya da ya buɗe da sunan jama'a alhali soja ne suka ba da shi. Yadudu yana cikin masu mayar da martani cewa jikin kundin na 1979 ne, wanda majalisar da aka zaɓi mafi yawan wakilanta ta tattauna. Bayan wata biyar da kundin ya fara aiki, a Oktoban 1999, Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, Kano ta bi a Yunin 2000, har jihohi suka kai 12, kuma duk gardamar ta koma kan sassan wannan kundi. A taron ƙasa na 2014 da Mai Shari'a Idris Kutigi ya jagoranta, mai wakilai 492, Yadudu yana cikin wakilan Arewa da suka ƙi amincewa a mayar da rahoton taron sabon kundi. A 2016 gwamnatin tarayya ta naɗa shi shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi.

Ruwan Getsi da babin cuta

To amma shari'ar da aka dawo da ita a 2000, ina ta tsaya? Ta shiga dokar laifuka, ta kawo Hisba da hukumar zakka. Get ɗin masana'anta ba ta taɓa shi ba, kuma ba za ta iya ba, domin kamfani da ƙwadago suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka. A nan ne nake ganin tambayar Yadudu ta fi ciwo, kuma a nan ne aka fi barinta.

Ɗauki jima. Kano garin fata ne tun kafin Bature, fatar jar akuya da ayari yake ketara Sahara da ita har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Majemin gargajiya yana jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shanya. Akwai wari, amma abin da yake zubarwa daga itace da toka ya fito. A masana'antar jima ta zamani kuwa, manyan ganguna ne suke juyawa dare da rana. A zuba farar ƙasa da sinadarin salfaid su cinye gashin, a wanke, a zuba gishirin kuromiyam, fatar ta fito shuɗi-shuɗi da danshinta, a jera ta a kan katako. Kowane mataki ruwa yake sha, kuma ruwan sai ya fita. Wanda ya taɓa bin bayan katangun Challawa ko Sharaɗa da rani ya san shi: kwata mai kauri, yau baƙa, gobe shuɗiya ko ja in masu rini sun saki nasu, da warin ruɓaɓɓen ƙwai mai kama maƙogwaro. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, kogin da tashar ruwan Panshekara take ɗiba. A bakin waɗannan rafuka kuma 'yan lambu ne da injinan ban-ruwa, suna noman latas da kabeji da alayyahu da karas da ake kai wa kasuwannin birni.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar auna illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa sabuwar hukumar muhalli ta NESREA, a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da masana'antun fata da takalma. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki ya ce gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara a kansa kai tsaye. Ɗalibin Bayero kuma yana haddace shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, labarin mai masaƙa a Lancashire da ya haƙa tafki, ruwan ya ɓalle ya cika ramin kwal na maƙwabcinsa, kotu ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa shi zai biya in ya kuɓuce. Yana iya ba ka labarin tafkin nan tiryan-tiryan, alhali Sharaɗa tana bayan tsohuwar harabar jami'arsa, tafiyar 'yan mintuna a adaidaita sahu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗaya rabin karatun ɗalibin, wato fiƙihu, shi ma yana da amsa, har ta fi kusa da batun. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan cutar da maƙwabci. Ibn Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigimar gini, ya tattara hukunce-hukuncen hayaƙin gidan burodi da gidan wanka, da girgizar dutsen niƙa, da warin majema, a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Sun bambanta cutar da aka tarar da wadda aka ƙirƙiro daga baya. Sun yi saɓani a kan ko shirun maƙwabci na shekaru yana halatta wa mai cutar ya ci gaba, kuma da yawansu sun ce cutar da take ƙaruwa da zamani, irin ta masai da ta majema, tsawon lokaci ba ya wanke ta. Wannan ita ce ainihin gardamar Bompai, inda mai masana'anta zai ce shi ya riga zuwa, gari ne ya biyo shi ya kewaye shi. Dokar Ingila ma, tun shari'ar Sturges da Bridgman a 1879, ta ce riga zuwa ba kariya ba ce. Hanya biyu ke nan suka ɓulla wuri ɗaya, kuma babu wanda ya fi cancanta ya haɗa su irin wanda ya karanta duka biyun a aji ɗaya.

Amma in ka nemi abin da aka rubuta a kan ruwan Jakara da Challawa, mafi yawansa daga sashen kimiyyar sinadarai da labarin ƙasa da nazarin halittu yake fitowa. Su ne suke zuwa da kwalabe su ɗebi ruwa, su tsinki ganyen alayyahu, su auna kuromiyam da dalma. A fannin doka, sunan da ya fi fitowa a Arewa a kan muhalli shi ne Farfesa Muhammad Tawfiƙ Ladan na Zariya, wanda ya zama shugaban Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a ta Nijeriya a 2019. Shari'o'in muhalli da suka kafa tarihi kuwa daga yankin mai suka zo. Ta Gbemre da Shell a 2005 a kan ƙona iskar gas ce. Ta 2018, wadda Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta tana iya shigar da ƙara a madadin al'ummar da aka gurɓata wa ruwa, a kan malalar mai ce a jihar Abiya. Wannan ƙofa a buɗe take ga mutanen bakin Getsi kamar yadda take ga na Abiya. Wahalar ita ce hujja. Masana'antu da yawa suna zuba a kwata ɗaya, ga ta gidaje, ga ta mahauta, sai ka nuna wa kotu ruwan wane ne ya kashe maka gona. Ɗan lambun ma ba lallai ya so a yi ƙarar ba, domin ruwan nan mai wari shi ne wanda ba ya ƙafewa da rani, kuma a kansa yake ci da iyalinsa.

Haka abin yake a ɓangaren ma'aikata. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da za a biya wanda ya ji rauni. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Sai dai ka tsaya a bakin get da sassafe ka ga samarin da suke jira ɗan kwangila ya fito ya nuna su da yatsa, kai da kai da kai, ku shigo. Wannan ba shi da takarda, ba ya cikin ƙungiya, sunansa ba ya littafin kamfani. A Yunin 2020, ana tsakiyar kullen korona, 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata sama da 100 da suka ce an hana su fita na tsawon watanni. Masana'antu da dama kuma sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kayan waje masu araha, sun koma rumbunan ajiya. Inda aiki ya yi wuya, mai ƙorafi shi ake fara sallama, kowa ya san haka.

Me ya sa alƙalamin malaman shari'a bai cika karkata nan ba? Ba rashin kishi ba ne. Tsanin jami'a ne yake da nasa sharaɗi. Daga mataimakin malami zuwa babban malami zuwa farfesa, abin da ake ƙirgawa shi ne muƙalu nawa ka buga, a wace mujalla, sannan a aika da su ga wasu farfesoshi a wasu jami'o'i su auna. Muƙala a kan sashen kundi ko hukuncin Kotun Ƙoli ana iya rubuta ta a ɗakin karatu. Bincike a kan 'yan kwangila kuwa sai an je an zauna da su, an sha rana, an nemi izinin manajan da ba ya son a shigo, kuma babu mai biyan kuɗin mota. Ga aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Sannan duk abin da aka rubuta da Turanci yake, a mujallar da mai aikin ganga a Challawa ba zai taɓa ganinta ba. Zamanin su Yadudu kuma yana da uzurinsa. Sun taso ne a kan gardamar majalisar tsara kundi ta 1978, wadda wakilai Musulmi suka fice daga zaure a kan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta tarayya, don haka yaƙinsu na matsayi ne da hurumi. Na bayansu ba su da wannan uzuri.

Akwai wuri ɗaya da fiƙihun ciniki ya sami hanya ya koma cikin manyan harkoki, kuma ba ta kotu ya bi ba. Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, bankin Jaiz ya buɗe a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017. Yau mai masana'anta a Sharaɗa yana iya sayen inji ta hanyar murabaha, ko ya yi hayarsa ta ijara, da yarjejeniyar da kwamitin malamai ya duba ya sa wa hannu. In aka saɓa kuwa, ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za ta yi maganar ƙarshe ba, domin sashe na 277 bai ambaci ciniki ba. Babbar kotu za a je, ta jiha a titin Miller cikin Bompai ko ta tarayya a Gyaɗi-Gyaɗi, a gaban mai shari'ar da tsarin mulki bai wajabta masa sanin babin ciniki na fiƙihu ba. Lauyan kowane ɓangare ne zai tashi ya yi masa bayanin bambancin kuɗin ruwa da ribar ciniki, kuma a Kano akasarin lauyoyin da za su iya wannan bayani daga azuzuwan Bayero da Zariya suka fito.